Daga Kofa Zuwa Belgred: Me Ke Kashe Fim Idan Bom Bai Kashe Shi Ba?

A watan Yulin 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar za ta gina ƙauyen shirya finafinai a garin Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, a kudancin jihar Kano. Fili mai faɗin hekta 20 aka ambata, kuɗin aiki kuma naira biliyan 3, da alkawarin ɗakunan ɗaukar hoto da sauti, da makarantar koyon sana'ar, da masauki. Hukumar Finafinai ta Nijeriya mai hedikwata a Jos ita ce uwar aikin, ɗan majalisar wakilai na Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin, shi ya ja shi zuwa mahaifarsa. Ba a kai ga aza tubali ba sai mumbarin Juma'a ya ɗauki zafi, shafukan Facebook suka kama da wuta. Kafin watan ya fita, Abdurrahman Kawu Sumaila, mai taimaka wa shugaban ƙasa kan harkokin majalisa, ya shaida wa jama'a cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya ji kukansu, an fasa.

Tun daga ranar kowane ɓangare ya riƙe labarinsa. Masu goyon baya suna cewa an yi wa Arewa asarar dubban ayyukan yi, an kuma yanke wa sana'ar fim hanyar girma. Masu adawa suna cewa an toshe ƙofar ɓarna tun kafin a kafa ta. Abin da ya haɗa su, ko da ba su lura ba, shi ne dukkansu sun ɗauka ran fim a jikin gini yake: a gina ya rayu, a hana ya mutu. Tarihin wata ƙasa mai nisa, wadda ta gina irin wannan ƙauye tun shekaru saba'in kafin a yi maganar Kofa, ta kuma ratsa yaƙi da takunkumi da rushewar gwamnati, ya nuna lissafin bai tsaya nan ba.

Ƙasar ita ce Sabiya, wadda a da take cikin tarayyar Yugoslabiya. A 1946 gwamnatin Marshal Tito ta kafa kamfanin Avala Film, aka yanka masa daji a tudun Kosutnjak da ke gefen Belgred, aka gina abin da suka kira birnin fim. Tito mayen kallo ne. Mutumin da ke haska masa majigi, Leka Konstantinovic, ya shafe shekara 32 yana wannan aiki kusan kowane dare. Saboda haka kuɗi bai zama matsala ba, musamman in fim ɗin na yabon dakarun sa-kai ne da suka yaƙi Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. A fim ɗin Yaƙin Kogin Neretva na 1969 an ɗauko Yul Brynner da Orson Welles daga Amurka, an ba da sojojin ƙasa su yi fitowar taro, an sa nakiya an tarwatsa gada ta gaske don kyamara ta ɗauka, Picasso kuma ya zana hoton talla. A 1973 Richard Burton ne ya fito a matsayin Tito kansa. Wannan gata yana da farashi. Dusan Makavejev ya ga an haramta fim ɗinsa na 1971, ya bar ƙasar. Lazar Stojanovic kuwa kurkuku ya tafi saboda fim ɗin da ya yi na kammala karatu. Hannun da ke ba da abinci shi ke riƙe da bulala.

Tito ya rasu a 1980, tarayyar ta fara tsagewa, a 1991 yaƙi ya ɓarke. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba takunkumi a 1992. A 1993 darajar kuɗi ta zube har babban banki ya buga takardar dinari biliyan 500, wadda ba ta isa cefanen kirki ba. A 1999 jiragen NATO suka yi kwana 78 suna ruwan bama-bamai. Mai karatu zai zaci a nan fim ya mutu. Akasin haka aka gani. A 1995, ana tsakiyar yaƙin Bosniya, Emir Kusturica ya ci babbar kyautar bikin Cannes na Faransa da fim ɗinsa Underground, ko da yake zargin da aka yi masa na wanke laifin Sabiyawa ya sa ya ce ya bar sana'ar, kafin daga baya ya dawo. A 1996 Srdjan Dragojevic ya fitar da Lepa sela lepo gore, wato kyawawan ƙauyuka kan ci wuta da kyau, labarin abokai biyu, Basabiye da Musulmin Bosniya, da yaƙi ya mayar abokan gaba. Mutane sun yi layi sun kalla, a garin da man fetur sai a galan a bakin titi.

Abin da bom ya kasa, zaman lafiya ya yi shi cikin ruwan sanyi. A 2007 aka sayar da kamfanin gwamnati mai riƙe da gidajen sinima 14 na Belgred ga ɗan kasuwa, ba a jima ba aka rufe su ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma shaguna, wasu aka bar wa ƙura. Sai a watan Nuwamban 2014 ɗalibai da matasan masu shirya fim suka kutsa cikin sinimar Zvezda, suka share ta, suka ci gaba da haska fim ba da izinin kowa ba. Avala Film ya durƙushe da bashi a 2011, aka yi gwanjonsa a 2015, daraktocin da suka tsufa a cikinsa suna kuka kan makomar haƙƙin finafinansu. Duk wanda ya kalli fim ɗin tarihi na Mila Turajlic, Cinema Komunisto, na 2010, ya ga ɗakunan kayan wasa cike da rigunan soja da asu ya ci, da tsofaffin ma'aikata suna yawo a farfajiyar da ba kowa. Ƙauyen fim ne sukutum, ginin yana tsaye, sana'ar ta fice ta bar shi.

Kano ba ta ga yaƙin basasa irin na Bosniya ba, kuma kuskure ne a daidaita wahalar da ba daidai take ba. Amma fim ɗin Hausa ya sha nasa tashin hankalin, kuma tsarin labarin ya yi kama da wancan ƙwarai. Shi dai ba gwamnati ta haife shi ba. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990 a kaset ɗin bidiyo, da kuɗin aljihu. Kafin shekara goma, Sangaya da Wasila sun mayar da abin kasuwa ta gaske, mujallar Fim ta fara fita a 1999, Ƙofar Wambai ta zama cibiyar dillalan kaset da ke aikawa har Maradi da Damagaram da Agadas da zangon Kumasi. Zargi kuwa ya girmi kaset: tun gobarar sinimar El-Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300, akwai masu ganin gidan kallo wuri ne da fushin Allah ke sauka.

Da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, gwamnatin jiha ta dakatar da harkar baki ɗaya, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Guguwa mafi ƙarfi ta taso a 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar wasa ya bazu a wayoyi. Laifin mutum biyu ya hau kan dubbai. Aka tsayar da ɗaukar fim na wata shida, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki. Adam A. Zango ya tafi gidan yari a 2007 kan kundin waƙoƙinsa na Bahaushiya. Rabilu Musa Ibro, wanda ya taɓa zama ma'aikacin gidan yari kafin ya shiga wasa, ya koma can a matsayin ɗaurarre a 2008. A ƙarshen shekarar aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama saboda Tsintsiya, fim ɗin da jigonsa zaman lafiya ne tsakanin ƙabilu da addinai, har sai da babbar kotu ta soke hukuncin. Da yawa suka kwashe kyamarorinsu suka koma Kaduna da Jos.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga 20 ga Janairun 2012, ranar Juma'ar da Boko Haram ta kashe mutum sama da 180 a cikin birnin Kano. Dokar hana fita, shingayen bincike a kowace kwana, hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, harin babban masallacin Juma'a a Nuwamban 2014. Kasuwar Maiduguri da ta Damaturu suka yanke. Hanyar da ta haɗa Kano da Jos, wato manyan garuruwan fim biyu na Arewa, ta bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, kuma a shekarun nan ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mayar da dajin mafaka, har sojoji suka maishe shi filin atisaye a 2017. Mai ɗauke da kyamara da janareta da 'yan wasa goma a mota ɗaya ya san abin da ake nufi da a ratsa Falgore bayan la'asar.

Duk da haka ba a daina fim ba. A waɗannan shekarun ne ma aka sami wasu daga cikin finafinan da suka fi tsari, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, wanda ya saka 'yan gudun hijira da yaran da aka yaudara zuwa ta'addanci cikin labarinsa. Abin da ya karya ƙashin bayan sana'ar ya zo shiru, a cikin aljihu. Faifan CD ya mutu. Masu tura finafinai a waya suka cika bakin kasuwanni, daga Kano har tashar Tudun Wada, suna zuba fim goma a katin waya a kan kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, kuma ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya zuba jari. Finafinan Indiya da aka fassara da Hausa suka cinye ragowar kasuwar, don mai fassara ba ya biyan ɗan wasa ko hayar gida. Dillalan Ƙofar Wambai da suka yi shekara ashirin suna ba furodusa kuɗin somin-taɓi suka koma sayar da wasu kaya. Yau harkar ta koma YouTube, inda Izzar So da ire-irensa ke tara miliyoyin masu kallo, amma kuɗin talla na shiga asusun mai tashar ne kaɗai, kuma kallon da aka yi daga Nijeriya ko Nijar ba ya kawo abin da kallon Ingila ke kawowa.

A nan ne maganar ta sauko daga kan kamfanoni ta faɗo kan mutane. Bata Zivojinovic shi ne fuskar finafinan yaƙi na Yugoslabiya. Fim ɗinsa na 1972 kan kare birnin Sarayebo ya sa ɗaruruwan miliyoyin mutanen Sin suka san shi. Da yaƙi ya zo, amincinsa da Boris Dvornik, ɗan wasan Kuroshiya da suka yi finafinai da yawa tare, ya watse a bainar jama'a ta hanyar wasiƙu a jaridu. Ya shiga jam'iyyar Slobodan Milosevic, ya zama ɗan majalisa, ya nemi shugabancin ƙasa a 2002 bai kai ko'ina ba. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a 2012, ya rasu a watan Mayun 2016, wata biyu kafin rigimar Kofa. Ƙasar da ya yi wa wasa ta riga shi mutuwa da shekara ashirin da biyar. Amma ko a cikin wannan faɗuwa, ɗan wasan Belgred yana da gidan wasan kwaikwayo na gwamnati da ke biyan albashi, yana da ƙungiya, yana da fansho komai ƙanƙantarsa.

Takwaransa na Hausa ba shi da ko ɗaya. Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya yi yaƙin basasar Nijeriya da kakinsa kafin ya mayar da barikin soja abin dariya a rediyo da talabijin na Kaduna, ya rasu a 2023 bayan doguwar jinya. Ƙasimu Yero ya riga shi a 2017. Abdullahi Shu'aibu Karkuzu na Jos ya makance a ƙarshen rayuwarsa, sai da hoton bidiyonsa yana neman taimako ya zaga wayoyi kafin ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya share masa hawaye da gida. Ibro, wanda sunansa kaɗai kan sayar da faifai, ya rasu a Disambar 2014 yana da ƙuruciyarsa, finafinansa kuma har gobe ana kallonsu a tashoshin da iyalinsa ba su san masu su ba. A 2022 Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake sallamarta da shi a fim, bayan shekaru masu yawa tana wasa. Wasu manyan furodusoshi sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka. Gardamar kanta ita ce shaidar cutar: babu takardar yarjejeniya ko ɗaya da wani zai ɗaga ya ce ga abin da aka rubuta. Sana'ar da ta shekara talatin tana tafiya a kan «Allah ya sa albarka» da kuɗin mota, ranar da ƙafa ta gaza sai roƙo.

Da an gina ƙauyen Kofa, da wanne daga cikin waɗannan zai gyaru? Za a sami ɗakin ɗaukar sauti mai kyau, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Har ma ana iya cewa malaman da suka yi adawa sun yi wa kansu asara, domin fili guda mai shinge da ƙa'ida da masauki daban-daban ya fi sauƙin sa ido a kan gidajen haya da otal-otal da ake ɗaukar fim a cikinsu yanzu. Amma su ma suna da hujjar da ba a amsa ba. An sanar da aikin daga sama, ba a zauna da limamai da masu unguwanni da iyayen yara ba, a yankin da manomin rani ke jiran a yashe masa magudanar ruwan Tiga, mai ciki kuma ke jiran motar da za ta kai ta asibiti. Kuma mutanen Bebeji sun san yadda ginin gwamnati kan ƙare. Madatsar Tiga da Audu Baƙo ya gina a farkon shekarun 1970 tana nan tana shayar da gonakin Kadawa, don tana da aikin yi kullum. Otal ɗin Bagauda kuwa, da ya kasa riƙe kansa, sai da aka mayar da shi makarantar horar da lauyoyi kafin ya sake amfani. Ƙauyen fim da ba shi da kasuwar da za ta ciyar da shi, ƙaddarar Avala ke jiransa, kuma ba zai ɗauki shekara sittin kafin ya kai can ba.

Abin da ya tsira a Belgred, wanda ya cancanci a yi koyi da shi, ba ya ɗaukar ido. Ma'adanar finafinai ce da aka kafa a 1949, Kinoteka, wadda ke cikin manya a Turai. Gwamnatoci sun zo sun wuce, sunan ƙasar ya sauya sau da dama, ma'aikatanta suna nan suna goge faifai suna rubuta rajista. Saboda akwai masu wannan aiki ne aka gano fim ɗin Sabiya na farko, Karadjordje na 1911, a ma'adanar Ostiriya a 2003, bayan an daɗe da fid da rai. Hausa ma ta ɗanɗana irin wannan sa'a sau ɗaya. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka tsinci faya-fayansa a ajiyar Hukumar Finafinai, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin Berlin a 2018. A shekarar da ake rigima kan ginin biliyan 3, dukiyar gaske tana kwance cikin gwangwani mai tsatsa.

Shaihu Umar a kan faifan majigi aka ɗauke shi, wanda kan jure shekaru in ya sami inuwa. Finafinan 1990 zuwa 2005 a kaset suke, zaren kaset kuwa zafi da ƙura da damina suna cinye shi, na'urar da za ta karanta shi ma ta zama abin nema. Dubban finafinai ne, kuma a cikinsu akwai yadda Kano ta yi magana, da yadda ta yi ado, da yadda ɗakin amarya yake kafin zuwan kayan Dubai, da fuskokin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Ko wanda yake ganin fim ɓata tarbiyya ne yana bukatar wannan ajiya, in dai yana son ya kafa hujja da abin da aka yi maimakon abin da aka ce an yi. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi shekaru suna tattara abin da hannunsu ya kai, amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya da ɗakin karatunsa.

Hukumar Tace Finafinai ta Kano ita ce ta fi kowa damar yin wannan, kuma abin mamaki ne da ba a matsa mata a kai ba. Tun 2001 doka ta sa kowane fim ya bi ta teburinta kafin ya shiga kasuwa. Hukumar da ke da ikon cewa a yanke rawa tana da ikon cewa a ajiye kwafi mai inganci, a rubuta sunan kowane ma'aikaci, a kuma nuna takardar yarjejeniyar da ɗan wasa ya sa wa hannu kafin a ba da shaidar fita. Ƙungiyar MOPPAN, wadda ta nuna tana iya korar 'yar wasa cikin kwana ɗaya kamar yadda ta yi wa Rahama Sadau a 2016, ba ta da uzurin kasa cire wani ɗan kaso daga kowane shiri ta zuba wa membobinta a tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Mai tashar YouTube da ke ɗora tsohon fim yana cin kuɗin talla, a wajabta masa ya nuna daga wa ya saya, kaso nawa kuma zai koma ga magadan waɗanda ke ciki. Malamai da suka san babin haƙƙin ma'aikaci da na gado fiye da kowa, nan ne wurin da muryarsu za ta yi amfani, don cin gumin marayun Ibro ba ya cikin abin da shari'a ta halatta.

Kuɗin da wannan zai ci bai kai na katangar ƙauyen Kofa ba: ɗaki mai sanyi, wutar sola, na'urorin kaset guda goma da mai gyaransu, kwamfutoci, da matasa 'yan kaɗan da za su bi tsofaffin dillalai da furodusoshi gida-gida. Yawancin waɗanda suka san inda asalin kaset ɗin Turmin Danya da Gimbiya Fatima da Ki Yarda Da Ni suke sun haura sittin, wasu kuma 'ya'yansu sun riga sun share ɗakin ajiya sun zuba buhunan shinkafa.